Kifin da Kisten Bai Saki Ba

Duk wanda ya san Arumugam Chetty a Isipingo, bakin teku kusa da Durban, ya san shi da abu biyu: saurin fushi da iya ɗaura ƙudan fatsa. Da la'asar yakan zauna a tsakar gida, gindin mangwaro, ya ɗauki ƙugiya tsirara ya yi mata riga da farin gashin zakara da ɗan zare mai ƙyalli, har sai ta koma kamar ɗan kifin da ya ɓace wa 'yan'uwansa. Abin ba shi da nauyin jifa, don haka sai ya ɗaura masa ɗan gora na roba daga sama, ya cika shi rabi da ruwa. Goran ne ke kai ƙudan can bayan kumfa, ya zauna a kan ruwa yana rawa, ƙudan na binsa daga ƙasa. Kifin shad ba ya iya kawar da kai daga wannan.

Abokin tafiyarsa tun suna samari shi ne Kisten, yayan matarsa Salachi. Kisten ke da akori-kura, Arumugam ke da hannu. Suna kiran juna machan, kamar yadda miji da ɗan'uwan matarsa ke yi, kuma tsiya ba ta ƙarewa a tsakaninsu. Yawancinta a kan Kisten take sauka, domin a duk shekarun nan bai taɓa fito da kifin da ya wuce tsawon damtsensa ba.

"Machan, yau ma kifayen sun aiko a gaishe ka," in ji Arumugam in suna hanyar gida. "Sun ce abincin ya yi daɗi, gobe ka ƙaro."

Kisten ya yi dariya ya canja giya. Kullum dariya yake yi.

A watan Yuli na shekarar da abin ya faru, ƙananan kifayen sadin suka zo da yawa, manyan kifaye na binsu har bakin gaɓa. Suka isa dutsen da suka saba hawa kusa da Umkomaas gari na wayewa, sanyi na ratsa rigar ruwa. Mutane sun riga sun jeru kafaɗa da kafaɗa, gorori ja da fari suna ta tsalle a bayan kumfa. Teku kuwa ba ta kwana da daɗi ba. Kowa ya ga haka, amma kifi na ci, ba wanda ya ce uffan.

Rana ta ɗan ɗaga sai goran Kisten ya nutse bai dawo ba. Sandarsa ta lanƙwashe, ƙwarƙwaron zare ya kama kuka.

"Machan," ya ce. "Machan, wannan ba shad ba ne."

Arumugam ya duba ya ga azurfar bayan kifin ta juya a cikin taguwa. Kifin garik ne, kuma babba, irin wanda mutum ke yin shekaru yana mafarkinsa. Ya ajiye tasa sandar.

"Kada ka ja da ƙarfi, wawa. Bar shi ya gudu. Ɗaga sandar, ba tsintsiya ce ka riƙe ba."

Ya tsaya a kansa yana zaginsa yana nuna masa, har kifin ya gaji ya fara zuwa gindin dutse. Daga inda suke ba yadda za a ɗago shi sai wani ya sauka kan matakin ƙasa, inda ruwa ke lasa, ya sa masa sanda mai ƙugiya. Arumugam bai tsaya shawara ba. Ya ɗauki mai ƙugiyar ya sauka. Ya sunkuya ke nan yana miƙa hannu, sai ya ji mutanen sama sun yi ihu gaba ɗaya. Bai ma ga taguwar ba. Ta ɗauke shi kamar tsumma, ta buga ƙafarsa da dutse har ya ji ƙarar a cikin haƙoransa, sannan ta ja shi waje.

Da ya ɗago kai ya tofar da ruwan gishiri, dutsen ya yi nisa. Takalman roba sun cika suna jansa ƙasa, ƙafar hagu ta ƙi jin magana. Taguwa ta ɗaga shi sama, daga nan ya ga komai sarai. Ya ga mutane suna gudu suna nuna shi. Ya ga Kisten a inda ya bar shi. Kisten ya juyo, idonsu ya haɗu. Sannan Kisten ya mayar da fuskarsa kan ruwan da ke gindin dutse, hannunsa ya ci gaba da naɗe zare.

Taguwa ta sauke shi, ta sake ɗagawa. Hannun yana nan yana juyawa.

Wanda ya cece shi wani mutum ne da bai taɓa gani ba, Bazule mai shuɗiyar rigar aiki, daga baya aka ce masa sunansa Mthethwa. Mutumin ya jefa goransa ya wuce kan Arumugam, zaren ya kwanta a kafaɗarsa. Arumugam ya naɗe shi a hannun riga. Mthethwa bai ja shi zuwa dutse ba, domin can mutuwa ce. Ya bi gefen dutsen a hankali, yana ja in taguwa ta turo, yana saki in ta koma, har ya kai shi wani lungu mai yashi inda mutane suka shiga ruwa har ƙirji suka kamo shi.

"Yi numfashi, Baba," in ji Mthethwa yana kwance masa zaren da ya shiga nama. "Yau ba ranarka ba ce."

A asibiti aka ce ƙashin ƙauri ya karye wuri biyu, aka sa masa ƙarfe. Washegari da yamma Salachi ta zo da kwanon abinci, Kisten na biye da ita yana ɗauke da lemo. Ta buɗe kwanon, ƙanshin tsamiya da barkono ya cika ɗakin.

"Ka ci, Baban Selvi. Yadda kake so na yi ta, da ɗanyen mangwaro."

Arumugam ya dubi tsokar da ke cikin miyar, fara, mai kauri kamar tafin hannu.

"Wane kifi ne wannan?"

"Garik ɗin Yaya ne. Rabi ya kawo mana, har da kan."

Ya ɗaga ido ya dubi Kisten. Kisten na ta faman ɓare lemo kamar ba a taɓa ɓare lemo a duniya ba. Kifi dai ba ya hawa dutse da ƙafarsa. Wato lokacin da ake fito da Arumugam daga ruwa, ana kwantar da shi a yashi yana aman gishiri, wannan mutumin yana can yana lallaɓa kifinsa har ya samu inda ya jawo shi tudu.

"Rufe," ya ce wa matarsa.

"Ko loma ɗaya..."

"Na ce ki rufe. Ki fita da shi."

Ta ɗauka zafin ciwo ne. Shi kuma bai faɗa mata ba. Salachi ba ta da kowa a dangi sai wannan yayan nata. Shi ya riƙe ta bayan mutuwar iyayensu, shi ya aurar da ita. Arumugam ya haɗiye maganar, ita kuwa ta zauna masa a ƙirji kamar ƙaya.

Da aka sallame shi gidan ya koma gidan zaki. Shayi ya yi sanyi, faɗa. Shayi ya yi zafi, faɗa. Ya jefi karen gida da sandar dogarawa don ya yi haushi. 'Yarsa Selvi, wadda ke aikin jinya a Durban, ta zo duba ɗaurin ƙafar ya ce mata ta koma ta koya wa likitocinsu aiki tukuna. In ya rufe ido ba ruwan yake gani ba, ba kuma dutsen ba. Hannun nan yake gani yana juya ƙwarƙwaro, a natse, kamar mai niƙa. Kisten kuwa duk Lahadi sai ya zo, ya zauna a falo yana ba da labarin ƙwallo, Arumugam ya juya fuska bango ya yi kamar barci.

Tun ranar da aka kira ta aka ce teku ta ɗauki mijinta, Salachi ta yi wa Uwa Mariamman, wadda suke bauta wa, alkawarin sadakar kunu in ya rayu. Da watan sadakar ya kama ta cika alkawari. Aka share tsakar gida aka yayyafa ruwan gangamau, aka rataya ganye a ƙofa. Manyan tukwane na kunun tsami suka jeru, ga miyar kabewa, ga zogale, ga busasshen kifi da dafaffen ƙwai. Maƙwabta da dangi suka cika gidan, har da Kisten da tukunyar miyar da ya kawo. Bayan an ƙona kafur an gama addu'a, maza suka zauna gindin mangwaro, kowa da kofin kununsa. Aka fito da Arumugam aka ɗora ƙafarsa a kan kujera.

Wani tsoho daga Merebank ya ce a ba shi labarin yadda aka yi. Kafin Arumugam ya fara, Kisten ya karɓe.

Ya iya labari, wannan ba a ƙwace masa. Ya kwatanta taguwar da hannu biyu, ya ce ta kai rufin gidan nan. Ya kwatanta kifin. Sannan ya dafa ƙirji.

"Ni kuwa da na ga machan a ruwa, hankalina ya tashi. Na ce jama'a, a jefa masa gora. Na ce wa wannan Bazulen, kai, bi ta can, kai shi wajen yashi, kada ka ja shi dutse. Ai da ban yi saurin tunani ba, da yau wata sadakar ake yi a gidan nan."

Mutane suka girgiza kai. Tsohon ya ce, "Ɗan'uwa rabin jiki."

Kofin da ke hannun Arumugam ya tashi ya bugi gindin mangwaro, kunu ya fantsama a wandon Kisten. Mata suka leƙo daga kicin.

"Sake faɗa," in ji Arumugam. Bai ɗaga murya ba. "Sake faɗa a gaban Uwar da aka ƙona wa kafur yanzu. Me ka ce wa mutumin?"

"Machan, ƙafarka ce ke..."

"Kada ka ƙara kirana da wannan sunan. Ba ka ce wa kowa komai ba. Ina cikin ruwa ina kallonka. Ka juyo ka dube ni, ido cikin ido, sannan ka koma kan kifinka kana naɗe zare. Ƙarya nake?"

Kisten ya dubi mutane yana murmushin da bai kai ido ba.

"Mutum in yana nutsewa yana ganin abubuwa iri-iri."

"To kifin fa? Shi ma ganinsa na yi? Wa ya fito da shi? Fuka-fuki ya yi ya shiga motarka? Don kifinka na sauka matakin nan. Don kifinka aka sa mini ƙarfe a ƙafa. Ka rasa abin da za ka kawo mini asibiti sai shi, ka kuma ba ƙanwarka ta dafa da hannunta."

Salachi ta fito tsakar gida, ludayi a hannunta.

"Yaya?" ta ce.

"Ki koma ciki, maganar maza ce." Kisten ya goge kunun da ke wandonsa. Murmushin ya tafi. "To me kake so in yi? Ka san ban iya ruwa ba. In faɗa mu mutu tare?"

"Ban ce ka faɗa ba."

"In na yanke zaren, da wane goran zan jefa maka? Yana jikin kifin."

"Sandata tana kwance a gindin ƙafarka, da gora da komai. Kai dai ka saki. Ko ba ka yi komai ba, ka jefar da sandar ka yi ihu kamar sauran mutane. Waɗanda ba su san sunana ba sun jefar da nasu. Akwai wanda tasa ta bi ruwa."

Kisten ya miƙe. Arumugam bai taɓa ganin fuskarsa haka ba. Jijiyar wuyansa ta fito.

"Tun muna samari nake jan ka a mota kana yi mini dariya. A dutse dariya, a hanya dariya, a gidan biki ka tara mutane ka ce kifi na gaishe ni. Sau ɗaya a rayuwata abin kirki ya kama ƙugiyata. Sau ɗaya. Na dube ka, na ga kanka a sama, na ga mutane sun yi kanka. Na ce wannan Arumugam ne, zai fito. Kullum kana fitowa. Ga ka nan kuwa, ka fito."

Tsohon Merebank ya ajiye kofinsa a ƙasa a hankali. Arumugam ya nemi sandar dogarawarsa zai tashi, Selvi ta danne masa kafaɗa. Da ta bar shi, Allah kaɗai ya san inda sandar za ta sauka.

Salachi ce ta yi magana. Ta tako har gaban yayanta, ta tsaya.

"Ka zauna a kicin ɗina ran nan kana gaya mini yadda zan yanka shi. Ka ce in sa tsamiya da yawa. Na ci, Yaya. Na ci har na suɗe hannu, ina cewa kifin da aka kama ranar da Uwa ta dawo mini da mijina ne." Ta juya ta kira wata maƙwabciya. "Ɗauko masa tukunyar da ya kawo."

"Salachi, ni ne fa."

"Na san kai ne. Shi ya sa."

Aka kawo tukunyar da sauran miya a ciki. Kisten ya karɓa, ya tsaya kamar yana jiran wani ya ce a yi haƙuri. Ba wanda ya ce. Ya fita, aka ji akori-kurar ta yi tari sau biyu kafin ta tashi.

Arumugam ya ɗauka in ya amayar da maganar zai samu sauƙi. Bai samu ba. A da yana da ɗan shakku da yake ɓoyewa, cewa wataƙila gishiri ne ya rufe masa ido. Yanzu shakkun ya tafi, sai zallar abin. Salachi kuma ta daina waƙa in tana wanke-wanke. Ba ta taɓa cewa laifinsa ne ba, amma wani lokaci yakan same ta zaune a bakin gado ta zuba wa waya ido, in ta gan shi sai ta tashi ta kama wani aiki. Wannan ma haushi yake ba shi, ya rasa wa zai huce a kai.

Ƙafar ta warke a karkace. Hawan dutse ya ƙare masa. Da bazara ta shigo ya fara shiga jirgin ƙasa shi kaɗai, ya sauka ya ɗingisa zuwa bakin kogi inda yashi yake, ya jefa goransa daga can. Kifin wurin ƙanana ne. Masunta suka riƙa kawo masa labari ba tare da ya tambaya ba: Kisten ya koma wani dutse can kudu, domin a tsohon wurin in ya zo mutane matsawa suke su bar masa fili, ba mai tsayawa kusa da shi.

"Ya yi kyau," in ji Arumugam.

Shekara ta zagayo aka sa ranar auren Selvi da wani malamin makaranta daga Tongaat. Wata safiya Salachi ta ajiye masa shayi ta ƙi tafiya.

"Baban Selvi, amarya ba ta shiga rumfar aure sai kawunta ya riƙo hannunta. Ka sani."

"A nemo wani."

"Wa? Daga kanti za a sayo shi? Kawu ɗaya gare ta."

"Wanda ya ga ubanta na nutsewa ya ci gaba da kamun kifi, shi zai riƙo mini hannun 'ya?"

"Ni ma ban yafe masa ba. Amma ba zan bar dangin miji su ce 'yata ba ta da kowa ta wajen uwa ba. Fushinka naka ne. Ranar tata ce."

Ya yi ta faɗa har shayin ya huce, ya ce in Kisten ya shigo shi zai fita, ya ce a yi bikin ba shi. Salachi ta bar shi ya gama. A ƙarshe ya ce, "Ya zo ya yi abin da aka kira shi ya yi. Kada ya yi mini magana. Kada a zaunar da shi inda zan ga yana cin abinci."

Haka kuwa aka yi. Kisten ya zo da sabuwar kwat da ta yi masa yawa, domin ya rame. Ya riƙo hannun Selvi ya kawo ta gaban wutar da ake ɗaura aure a gabanta, ya sa mata furanni. Da ya juyo ya ga Arumugam a kujerar gaba, ya ɗan sunkuyar da kai, bakinsa ya buɗe. Arumugam ya dube shi kamar yadda ake duban bango, har sai da Kisten ya rufe bakin ya wuce.

Bayan an ɗaura, mai hoto ya tara dangin amarya. Ya jera su, sai aka samu uban amarya da kawunta a gefe ɗaya, da wani fili a tsakaninsu wanda mutum zai iya wucewa.

"Baba, ɗan matso kusa da Kawu," in ji mai hoton.

"Nan ma ya isa."

"Kaɗan kawai, hoton zai fi kyau."

"Ɗauki hotonka, ɗana," in ji Arumugam. "Ƙafata ba ta zuwa can."